Kwanon da Yaya Ya Kafa wa Inna

Ƙofar ɗakin Inna yamma take kallo, saboda haka daga azahar har faɗuwar rana ba a iya zama a bakinta sai da rumfa. Baba ne ya kafa mata ita a shekarar da aka samu mulkin kai, lokacin da muka sayar da yawancin shanunmu muka tare a Birnin Kudu gaba ɗaya. Dirkoki ne na icen kirya, aka gitta sanduna a kai, aka shimfiɗa karan dawa da zana. Ba wata abin kallo ba ce. Amma kowace damina Inna kan shuka duma a gindinta, ya hau ya lulluɓe saman, har mutum ya zauna a ciki ya manta ana rana a waje. A nan randarta take, a nan take kaɗin auduga, a nan matan unguwa ke zuwa kitso. A nan kuma Baba ya yi jinyar ajalinsa, don ya ce cikin ɗaki numfashinsa ba ya fita.

Mu biyu muka rayu a cikin 'ya'yanta: Yaya, wanda shi ne ɗan fari, sai ni auta. Inna Bafulatana ce ta sosai, ko da yake Hausa muke yi a gida, kuma kunyar ɗan fari ta riƙe ta da gaske. Ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. Idan ya shigo gaishe ta, gefe take juyawa ta amsa a taƙaice, ido a ƙasa. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce “wancan na Kano”. Duk wani saƙo tsakaninsu ta wajena yake bi. Yaya ya san da haka sarai, a cikinsa ya tashi. Na faɗi wannan ne saboda masu ce mini ai da ba ta son abin da ya yi wa rumfar da ta gaya masa.

Bayan yaƙin basasa kuɗin mai suka shigo ƙasa, Yaya ya samu. Daga direba ya zama mai motocin kansa, yana ɗauko siminti daga kudu zuwa Kano. Ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, gari ya ɗauka Alhaji, Alhaji. Ni kuwa ina aure a Gwaram, maigidana malamin gona ne.

Wata rana da rani na je gida, Inna ta kama hannuna ta kai ni gindin rumfar. Dirkoki biyu na gaba sun karkace, gindinsu ya ruɓe.

Ta ce, “'Yar nan, waɗannan nake so a sake kafin ruwa ya sauka. Kirya dai, irin na da. Ki duba mini zana mai saƙa a matse a kasuwarku. Na bayan nan kada a taɓa su, lafiyarsu ƙalau, kuma hannun babanku ne.”

Abin da ta nema ke nan, ba ƙari.

Malam, maigidana, ya ɗauki abin da muhimmanci. Ya hau kekensa har Maruta wajen wani abokinsa manomi, suka shiga daji suka zaɓo dirkoki masu kyan gwafa, ya sa aka babbake gindinsu saboda gara. Ni kuma ranar kasuwa na aika aka yi ta kawo mini zana ina ɗagawa a rana ina mayarwa, har na samu wadda haske ba ya ratsawa. Muka jingine kaya a zaure muna jiran motar da za ta kai su.

Ana haka Yaya ya biyo ta Gwaram. Ya ga kaya a zaure ya tambaya, na gaya masa da murna, har na roƙe shi ya sa yaran motarsa su ɗauka. Ya taɓa dirka ɗaya da bakin takalminsa, ya ce, “To.” Can da zai tafi ya ce, “Ke, tsohuwa ta daɗe ba ta ga jikokinta ba. Zan aiko da ita ta ɗan huta a wurinki, in ya so ku koma tare da itatuwan naku.” Na yi ta sa masa albarka. Ashe so yake ya fitar da ita daga gidan, ni kuma ya mai da ni wurin ajiya.

Ranar da motarsa ta mayar da mu, tun daga bakin layi na ga jama'a a ƙofar gidanmu. Na zaci rasuwa aka yi. Muna shiga tsakar gida wani haske ya doki idona. Babu rumfar Inna. A wurinta an kafa ƙarafa, an shafe su da koren fenti, an rufa sabon kwano yana ta walƙiya. Ƙasan wurin kuwa, inda take shuka duma, da ɗan lallenta na gefe, duk an malale da siminti. Dirkokin Baba na gan su a bakin murhun maƙwabciyarmu, an riga an faskara. Yaya ne ya ce duk mai so ya ɗiba.

Mata suna ta guɗa. Wani maroƙi ya biyo Yaya har tsakar gida yana cewa uwa ta haifi ɗa, a duk unguwar ba tsohuwar da ke zaune ƙarƙashin kwano sai uwar Alhaji. Inna ta tsaya da ƙullin kayanta a hannu, ta daɗe tana kallon simintin nan. Sannan ta juya gefe kamar yadda ta saba, ta ce a hankali, “A gaya masa Allah ya yi albarka.” Ta shige ɗaki ta saki labule.

Na ja Yaya zaure.

Na ce, “Yaya, wa ya sa ka? Ka tambaye ta?”

Ya ce, “In tambaye ta me? Alheri ake tambaya?”

“Dirka biyu ta ce a sake. Na gaya maka da bakina.”

“Ke ba ki san yadda duniya take ciki ba. Abokan harkata suna zuwa gaishe ta daga Kano. Su tarar da uwata a ƙarƙashin kara kamar akuya? Me kike so a ce da ni?”

Na ce, “Ashe kai aka yi wa rumfar.”

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce matar malamin gona dole ta ga ƙyashin kwano. Ya kaɗa rigarsa ya fita wajen maroƙinsa. Har yau ban manta maganar nan ba.

Bazara ta shigo. Wanda bai taɓa zama ƙarƙashin kwano maras rufin ciki da azahar ba, ba zai gane ba. Zafi yake saukowa daga sama kamar an kifa wa mutum tukunya, siminti kuma ya mayar da shi daga ƙasa. Ruwan randa ya koma kamar na wankan jego. Matan kitso suka zo, suka yaba, suka share gumi, daga nan ba su ƙara dawowa ba. Inna ta gwada kaɗi, gumin hannunta ya riƙa ɓata mata auduga, ta naɗe mazarinta ta ajiye. Na je na same ta a ɗan lungun da ke tsakanin rumbu da katanga, ta raɓe a inuwar da ba ta fi faɗin tabarma ba, kaji suna tsallake ta. A gidanta! Gidan da ta tare ta jera kayanta, ta binne miji da 'ya'ya daga cikinsa.

Amma da zarar an ji ƙarar motar Yaya a waje, sai ta tashi da sauri ta ja tabarma zuwa ƙarƙashin kwanon ta zauna, don kada ya ji kunya a gaban baƙinsa. Su zo su durƙusa su gaishe ta, su ɗaga kai su yaba aiki, ita kuwa zufa tana bin wuyanta. Wani zuwan ma har da mai hoto Yaya ya zo.

Na ce mata, “Inna, ki bari in sa a shimfiɗa zana a saman kwanon, zai rage zafi.”

Ta ce, “Ya zo ya ga an rufe masa abinsa? A'a. Ki bar shi.”

Damina ta zo da nata. Yayyafi kaɗan sai kwano ya ɗauki ƙara, ko kiran salla ba a ji. Masu aikin kuma ’yan birni ne, ba su saba da ginin ƙasa ba. Sun kafe kwanon a jikin bangon ɗaki ba tare da sun kula da indararon da ke zubo ruwan soro ba, ruwa ya riƙa taruwa a mahaɗar yana jiƙa bango. Kafin tsakiyar damina bangon ya kumbura, ya fara zubowa a kan gadonta. Malam ne ya zo da magini suka yaɓe.

Sai wata la'asar hadari ya taso da iska mai ƙarfi. Bangon da ya riga ya jiƙe ya saki ƙusoshi, iska ta shiga ƙarƙashi ta yaye kwanon gaba ɗaya, ta wurga shi gidan maƙwabta, ya yanke wa tunkiyarsu ƙafa. Allah ya kiyaye yaransu suna ɗaki. Da labari ya iske ni a Gwaram, wallahi hamdala na yi. Na ce to, yanzu sai a mayar wa tsohuwa da abinta.

Na riga Yaya isa. Da ya zo, ya zagaya wurin yana tsaki, yana zagin masu aiki. Inna tana daga cikin ɗaki, bayan labule. Sai na ji muryarta, kuma ba da ni take ba. Tun da na yi wayo, ranar ce kaɗai na ji ta yi masa magana kai tsaye.

Ta ce, “Kai. Ka bar shi haka. Kara ya ishe ni.”

Na san abin da maganar nan ta ci mata kafin ta fito. Na dubi Yaya ina jiran ya sunkuyar da kai. Sai ya yi dariya, ya juyo gare ni ya ce, “Kin ji tsohuwa, tausayin aljihuna take ji.” Ya ɗaga murya ya ce, “Kada ki damu, Inna, akwai!”

Bai yi mako ba ya turo wasu masu aikin. Suka kafa wanda ya fi na farko faɗi, wannan karon har ya rufe tagar ɗakin, iskar da ke ɗan shiga ma ta daina.

Da kaka ta yi, Inna ta aiko a ce mini ƙafarta tana ciwo, tana so ta zo kusa da ni. Ƙafarta lafiya lau. Ta zo Gwaram da ƙullin kayanta da randarta, ba ta ƙara komawa Birnin Kudu da zama ba, a ɗakina ta cika. Yaya ya bi dangi yana cewa na raba shi da uwarsa, ya gyara mata wuri na hure mata kunne. Wasu suka yarda. Muka yi shekaru gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Mun tsufa duka lokacin da muka haɗu a sunan wata jikarsa. Motocin sun daɗe da ƙarewa, idonsa ma ya yi rauni. Aka bar mu mu biyu a zaure, muka taɓa hirar mutanen da. Can sai ya matso kusa, ya ce, “Ke, don Allah in tambaye ki. Wai me Inna ta gani a rumfar nan da ba ta so? Kwanon fa mai kauri ne, na zaɓa da kaina.”

Na dube shi, na ga da gaske yake tambaya. Na buɗe baki, sai na ji abin ya taso mini sabo kamar ranar da na ga simintin, na san in na fara ba zan tsaya ba, ga shi kuma gidan cike da baƙi. Na ce masa ana kirana a cikin gida, na tashi na nemi takalmana.