Ranar da Muka Yi wa Mawaƙinmu Shiru

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma yammacin da muka je gaida mawaƙinmu a Runjin Sambo ya ƙi fita daga raina, kuma ba na jin zai fita.

Ni tela ne, shagona yana Tudun Wada, kuma tun ina koyon ɗinki nake jin waƙoƙin mutumin nan. Shi yake rubuta abinsa, shi yake rerawa. Daga kaset muka bi shi zuwa faifai, daga faifai zuwa waya. Sai ya ɗauke ƙafa. Shekara shida ana cewa sabon albam na nan tafe. Muna da zaure a waya, mu masoyansa na Sakkwato, ba abin da muke yi a ciki sai hasashe. Wannan ya ce na soyayya ne, wancan ya ce na manoma ne, wani ya rantse ƙanin matarsa ya gan shi a situdiyo. Kowace Sallah mu ce wannan karon ne, Sallah ta wuce mu koma jiran ta gaba. Gaskiya mun gaji, sai dai babu mai son ya fara faɗa.

Ana haka muka ji ya shigo gari ta'aziyyar wani amininsa. Shugaban zaurenmu, wani dattijo mai sayar da hatsi, ya yi ta faɗi-tashi har ya samo mana izinin gaisuwa bayan la'asar. Mu takwas muka je, cikin zafin nan mai sa riga ta manne a baya. A ƙofar gidan shugaba ya tare mu.

"Ku ji nan," ya ce. "Ba gidan buki munka zaka ba, ta'aziyya tak kawo shi. Kowa shi kame bakinai, shi bar wayatai aljihu. Kada in ji sowa, kada in ji tahi. Mu gwada mishi muna da tarbiyya."

Muka ce to. Ni da aka sani da surutu, sai da ya nuna ni da yatsa.

Mun sami mawaƙin zaune a kan darduma, ya rame, furfura ta cinye gemun. Kusa da shi akwai wani tsohon ɗan amshinsa, sa'ansa ne. Muka durƙusa muka yi gaisuwa mai tsawo, aka kawo fura. Can mawaƙin ya dube mu ya yi murmushi.

"Ku ne masu damuna da saƙo kullum, ko? To ga abin da kuke nema. Bayan mu da muka yi aikin, ba wanda ya taɓa ji."

Ya ajiye wayarsa a tsakiyarmu ya kunna.

Ba irin waƙarsa ta da ba ce. Babu kiɗan na'ura, gurmi ne kawai sai muryarsa, ita ma ta ɗan dushe. Labarin mutum ne da ya wayi gari ya ga zuwansa gaisuwar mutuwa ya fi zuwansa bikin suna yawa. Yayana ya faɗo min a rai, wanda ya fara saya min kaset ɗinsa, ya rasu muna cikin jiran nan. Hawaye suka cika min ido, na yi maza na sunkuyar da kai, don babba da ni ba zan yi kuka gaban baƙo ba. Na saci kallon sauran, kowa kansa a ƙasa.

Waƙa ta ƙare. Ba wanda ya ce uffan. Fanka ce kawai ke ƙara a sama. Ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kunna ta biyu. Ita ma ta ƙare, muka ci gaba da kallon darduma kamar masu ɗaukar karatu.

Da shugaba ya ga shirun ya yi yawa, sai ya zungure ni da gwiwar hannu. Na san in na taɓa zancen sabuwar waƙar muryata za ta tona min asiri. Sai na gudu zuwa inda na fi sabawa.

"Allah shi ƙara basira, ranka shi daɗe," na ce. "Ai waƙag ga taka ta da, ta mai jiran mota tasha, har yau babu kamatta."

Wallahi girmamawa na yi nufi. Mawaƙin ya gyaɗa kai. "Haka ne," ya ce, "ta da babu kamarta." Ya ɗauki wayar ya sa a aljihu, ya yi mana addu'a, ya sallame mu.

Muna fita muka fashe da yabo a bakin titi, shugaba na share ido da hannun riga. Ranar muka cika zaure da albishir cewa abin da ke tafe ya fi duk na baya.

Shekara biyu suka wuce, ba labari. Rannan ina kan keken ɗinki sai ga tsohon ɗan amshin nan, ya zo gari, an kwatanta masa shagona don a kama masa aljihun riga da ya yage. Na gane shi nan take. Ko zare ban gama sawa ba na tambaye shi albam.

"Wane albam?" ya ce. "Ai tun kafin mu fita garinku ya ce min, waɗanda suka fi kowa matsa masa sun ji, ko kai ba wanda ya ɗaga, ɗayansu ma ta da ya ambata. Muna isa gida ya sa aka goge su, waƙa tara."

Na ce masa ai kuka muke yi.

Ya dube ni ya girgiza kai. "To da kun ɗago ya gani mana."

Na karɓi lambar mawaƙin na kira shi, na yi ta bayani har bakina ya bushe. Ya saurare ni da haƙuri, ya yi godiya. Sannan ya ce, "Malam tela, muryar da na yi su da ita ma yanzu babu ita."

Har yau a zaurenmu ana cewa albam na nan tafe, ni kuwa na kasa gaya musu, sai dai in karanta in ajiye waya. Abin da na koya shi ne, in mutum ya miƙo maka aikin da ya zuba ransa a ciki kuma abin ya taɓa ka, ka faɗa masa a wurin, ko da murya na rawa. Mu takwas ne kaɗai masoyan da suka ji waƙoƙin nan a duniya, kuma mun bari mai su ya tafi yana zaton ba su yi mana ba.