Ɗinkin Inna a Shagon Ƙarshe

'Yan'uwa, yau an ba ni ɗinkin Inna!

Ku tsaya ku ji. Na shiga Gumel sayen waya a sabon benen da aka gina a wurin tsoffin kantunan bakin tasha. Duk an rushe su, sai shagon ƙarshe. Kun tuna Maman Ladi, telar nan 'yar Jos da Inna ke kai wa ɗinki a shekarun casa'in? Wallahi tana nan! Ta tsufa, ido ya tafi, jikarta ce ke kan keke.

Sallama kawai na yi. Ta ɗago ta ce, "Hajiya Rabi, sai yau? Ɗinkinki ya gaji da jira."

Na ce, "Mama, Hadiza ce, 'yarta. Inna ta rasu tun muna firamare."

Ta ce, "Matso in ji."

Kun san ba ta rubuta awo, igiyar tsumma take ƙullawa, kowa da tasa. Ta laluba akwatin ƙarfe, ta ciro riga da zani, igiyar Inna na ɗaure a jiki. Ta gwada min igiyar. Kafaɗa daidai, hannu daidai, ƙugu daidai!

Ta ce, "Ni dai ga awonki."

Na sa kayan na dawo Gagarawa. Baba na zaune a zaure. Yana ganina carbi ya suɓuce masa. Ya ce, "Rabi, ashe an gama ɗinka atamfar da na sayo miki a Maigatari?"

Na kasa ce masa ni ce.