Gwiwar Sammani Mai Wankin Hula

Duk wanda ya daɗe a Ƙofar Durbi ya san Sammani mai wankin hula. Shekara ashirin da biyu ya yi a rumfa ɗaya, ƙofar gidan mahaifinsa, da baho biyu da buroshi da katakan da ake kifa hula a kansu ta bushe. Ranar Alhamis ba ka samun wurin tsayawa, kowa na jiran hularsa ta Juma'a. Da la'asar kuwa rumfar majalisa take zama. Mutum uku ne ba sa fashi, duk abokansa tun firamare: Talle mai sayar da kayan babur, Malam Muhammad Sani da ke koyarwa, sai Alhaji Mudassir da ya koma GRA amma bai yar da tsohuwar unguwa ba.

Yana shekara arba'in da ɗaya ciwon ya fara. Da safe yatsunsa su sandare, sai matarsa Furera ta ɗumama ruwa ya tsoma hannu kafin ya iya riƙe buroshi. Daga nan ya sauka gwiwoyi. Abin da ya fi ciwon ma gajiya ce: ya wanke hula biyar, jikinsa ya yi kamar ya yini yana sauke buhuna daga mota. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, ba ya warkewa, sai dai a sha magani a lallaɓa.

Wannan magana ce abokansa suka ƙi yarda da ita. Nan take kowa ya zama likita. Talle ya kawo wani baƙin jiƙo a gora, warinsa kamar kwatar da ta kwana uku ba a yashe ba. Alhaji Mudassir ya aiko da fitsarin raƙumi, wai a haɗa da nono. Wani ya zo da kitsen mesa da ya riga ya lalace, aka shafe masa gwiwa, ƙudaje suka yini suna binsa. Duk Sammani ya karɓa, ya toshe hanci ya sha, ya yi godiya. In bai sha ba a ce ya raina mutane. In ya sha bai warke ba a ce bai sa rai ba ne. Sau da yawa sai sun watse zai lallaɓa bayan gida ya yi ta kakari.

Furera ta ce, "Malam, wai kai ake wa magani ko su?"

Ya ce, "Ki bari kawai. In na ƙi, wa zai sake zuwa?"

Tsoronsa ke nan. Ya ga yadda ake manta mutum da zarar ya kwanta. Don haka ko ranar da ƙafarsa ba ta taka ƙasa sai ya fito ya zauna a benci yana yaƙe. Rannan ya kasa zuwa ɗaurin auren ɗan Alhaji Mudassir. Washegari yana daga zaure ya ji Alhajin na cewa, "Wane ciwo? Ku dube shi kau, har ƙiba ya yi. Son jiki ne." Ƙibar kuwa kumburin ƙwayoyin asibiti ce. Sammani ya fito ya miƙa masa hannu ya ce Allah ya sanya alheri. Daga baya da ya tuna irin murmushin da ya yi, kansa ya ji ya fi ba shi ƙyama.

Wata Asabar da hantsi Talle ya tsaya da babur, ya goyo wani mutum mai jan rawani da tsohuwar jaka.

"Sammani, yau dai ka warke. Wannan bawan Allah tsotse ciwo yake. Jifa aka yi maka, shi ya sa asibiti suka kasa."

"Talle, da ka fara gaya mani."

"Mi zan gaya maka? Ɗage wando kawai."

Masu karɓar hula na tsaye, masu wucewa suka fara taruwa. Kunya ta hana Sammani musu. Mutumin ya durƙusa, ya ɗauko wata reza da ba a san gwiwa nawa ta tsaga ba, ya yi masa tsaga biyu, ya kafa baki. Haƙoransa jajaye da goro, yawu mai ɗumi na gangarowa ta ƙwaurin Sammani. Talle kuma ya ɗaga waya yana ɗauka, yana cewa, "Jama'a ku ga ikon Allah."

Sammani na kallo daga sama, don haka shi kaɗai ya gani. Mutumin ya yi kamar zai share baki, ya tura wani abu cikin kunci. Sai ya yi tari, ya tofa a bahon sitaci: mataccen kyankyaso, da ƙusa mai tsatsa, cikin jini da tuƙar goro. Taro ya ɗauki salati. Cikin bahon nan hular wani dattijo ce, sabuwa, wankin farko.

Sammani ya sunkuya. Ya yi amai nan a gaban kowa. Talle ya ce, "Alhamdu lillahi, ga sauran na fitowa!"

Sammani ya goge baki ya ce, "Kashe wayar nan."

Bai ɗaga murya ba, amma Talle ya kashe.

"Na ga lokacin da ya sa a baki. Kai kuma mai jan rawani, tashi ka ba ni wuri." Ya juya ga abokinsa. "Talle, shekara uku ina shan ƙazanta don kada ranku ya ɓaci. Ciwon nan ba ya warkewa. Na karɓa, ku kun ƙi. Daga yau wanda zai zo, ya zo mu yi hira. Ran da na ce na gaji, na gaji ne. Wanda ya sake kawo mani gora ya koma da abarsa."

Talle ya ce daga taimako sai cin mutunci, ya tada babur. Tsagar ta yi ruwa, sai da Sammani ya yi mako biyu yana zuwa wankin ciwo. Alhaji Mudassir da ya ji labari ya ce ciwo ya sa mutumin nan baƙin rai, ya koma aiko da hulunansa ta hannun direba.

Malam Muhammad Sani kuwa, ranar Alhamis bayan an tashi makaranta ya zo, ya naɗe hannun riga, ya ja baho gabansa.

"Nuna mani yadda ake goga bakin hular, kar in ɓata wa mutane."

Haka suke har yau. Ba ya tambayar jiki sai sau ɗaya, kuma abin da aka gaya masa shi yake ɗauka. In Sammani ya gaji ya miƙe a tabarma, Malam ya ci gaba da labarin ɗalibansa, ko an amsa ko ba a amsa ba.

Talle ya yi wata huɗu yana wucewa da ɗaga hannu. Ranar da ya dawo ya zauna a ƙarshen benci, aka gaisa, aka yi hirar ƙwallo. Can ya gyara murya ya ce akwai wani mutum a wajen Ƙofar Kaura da ake ta yabo.

Malam Muhammad Sani ya ce, "Talle."

"Ni labari kawai nake badawa."

Sammani ya miƙa masa buroshi. Talle ya juya shi a hannu, ya yi tsaki, sannan ya cire agogo ya matso kusa da baho.