Baƙa ko Fara, Wacce Za Ta Ga Inna?

Masinjan ofishinmu mutum ne da in ka aike shi da takarda hawa na biyu, sai ka yi masa addu'ar matafiya, don kafin ya kai zai tsaya ya ɗauki hoton inuwar matakala. Shekara ashirin da biyu muna aiki tare, ni a ɗakin fayil, shi a kan titi, ban taɓa ganin aljihun rigarsa na hagu a miƙe ba. Kullum a rinjaye yake saboda 'yar kyamarar da ke ciki. Matarsa ta gaji da ɗinkin aljihu, ta koma yi masa ninki biyu tun riga tana sabuwa.

Wani tsohon manaja ne ya jawo mana wannan jaraba. Ranar da ya yi ritaya yana kwashe durowa, ya ci karo da wata ƙaramar kyamara da ya manta da ita, ya miƙa wa Masinja don kawai kwalinsa ya cika. Tun daga ranar babu abin da ya tsira. Ƙofofin mutane, kwata bayan an ɗauke ruwa, kyanwa tana barci a kan janareta, hannun mai faci, kujerar da aka jefar a bayan ofis. Ni kaɗai ya ɗauke ni ya fi sau ɗari, a rabinsu bakina cike da abinci. Ba ya sayarwa, ba ya ɗaukar taro. In ka ce masa ya mai da abin sana'a, sai ya yi maka kallon wanda ya ce a kai 'yarsa kasuwa.

Amma a duk wannan tari babu fuskar mahaifiyarsa.

Inna, haka dukkanmu muke kiranta, shekara talatin ta yi a ɗakin wanki da guga na wani otal. Da wannan ta raini Masinja da yayarsa bayan rasuwar mahaifinsu. Ba ta son hoto. Yana ɗaga kyamara take ɗaga abin da ke hannunta. Yana da hoton murfin tukunya da yatsu huɗu a gefe, yana da hoton zanin gado da ƙafa biyu a ƙasa, yana da ƙeyarta kala-kala. "Auta, je ka ɗauki marasa aikin yi," abin da take ce masa ke nan. Hotonta guda ne a duniya, na katin aiki, shi ma hatimi ya cinye rabin fuskar.

Bara ciwo ya kwantar da ita a ɗakin baya na gidan yayar. Haske ya koma yana sukar idonta, aka rataya labule mai kauri, aka kwance ƙwan fitila. Likita ya yi ta canza magani har ya daina, ya ce a yi mata duk abin da take so. To wata Asabar, Masinja ya je gaisuwa, sai ta ce da shi daga kwance:

"Kawo abin nan naka ka ɗauke ni. Amma ka ɗauke ni sosai, ba irin na katin aiki ba."

Shekara ashirin yana jiran wannan magana. Ya zaro tsohuwar kyamararsa, ya danna. Abin da ya fito kamar ruwan wanki a bokiti. Filasha kuwa babu hali, tamkar ka watsa mata allura a ido ne. Yayar ta gwada da wayarta, wayar ta yi wayonta ta goge duk layukan fuskar, ta mai da tsohuwa kamar sabon sabulu. Masinja ya ce wannan ba uwarsa ba ce, a goge.

Ranar Litinin ya sayar da babur ɗinsa don ya sayi sabuwar kyamara. Masinja ba babur, ka ji fa. Ya koma kai takardu da ƙafa da motar haya, kuma duk aiken da aka yi masa, ko gabas ne ko yamma, sai hanyar ta bi ta shagon kyamarori da ke kusa da shataletale. A nan ya haɗu da su biyun, ƙanana, kowacce za ta shiga aljihun nan nasa, kowacce kuma ba ta yara ba ce. Shi ya raɗa musu suna, Baƙa da Fara.

Na haddace su dole, don a ɗakin fayil yake zuwa ya zazzage mini su. Baƙa idonta tsayayye ne, ba ya jawo abu kusa, inda ka tsaya nan take gani. Amma sensarta, wato farantin da haske ke sauka a kai, babba ce, ko kyandir aka kunna a ɗaki za ta tattara hasken ta ba ka hoto. Fara kuwa tana zum, daga tsallaken titi za ta ƙirga maka gashin hancin maigadi. Sai dai farantinta ƙarami ne, in wuri ya yi duhu hoton yakan yi tsakuwa-tsakuwa kamar an yayyafa masa yashi. Baƙa ba ta da ƙara ko kaɗan. Fara in za ta miƙo ido sai ta ɗan yi kuka. Baƙa tana shan batir kamar shayi. Fara maɓallanta sai farcen jariri.

"To ai magana ta ƙare," na ce masa tun rana ta biyu. "Ɗakin Inna duhu ne, ka ɗauki Baƙa."

"Ba ka gane ba. Zum ɗin fa?"

"Inna tsuntsuwa ce da za ka ɗauko ta daga nesa?"

Bai yi dariya ba. Ya juya ambulan ɗin da ya zana layi biyu a bayansa, ya ƙara rubuta wani abu a ƙarƙashin Fara.

Rana ta biyar ya ce Baƙa. Rana ta shida ya ce ya ga wani a intanet yana cewa Fara tana da abin hana rawar hannu mai ƙarfi. Rana ta tara ya bai wa manaja takardar da aka ce ya kai kotu, ya kai wa kotu takardar odar man janareta. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana cin abinci da hannu ɗaya, ɗayan yana faɗaɗa hotunan gwaji a waya, yana leƙen ƙwayoyinsu kamar mai tsince shinkafa. Na yi masa tsiya iri-iri, na ce ko mai mata biyu a layin zaɓe bai kai shi ruɗewa ba. Tun yana cewa "Allah ya shirye ka" har ya daina ji na.

Rana ta goma sha tara yayarsa ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba.

"Kai ne abokinsa, ka faɗa mini, ƙanina ya haukace ne?"

"Yaya, ai tun da can ma ba cikakke ba ne."

"Bar wasa. Tun jiya ta daina karɓar abinci, sai ruwa a cokali. Kullum da safe sai ta sa na ɗaura mata ɗankwali mai kyau, ta ce yau Auta zai zo da abin. Yana zuwa kuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gaisuwa kamar mai karɓar shara, ya juya. Sati uku ke nan ƙafarsa ba ta taka cikin ɗakin nan ba."

Sai a lokacin na fahimci abin da zum ɗin yake yi masa. Tsakanin ƙofar da gadon taku huɗu ne. Fara za ta yi masa takun, Baƙa kuwa sai ya yi da ƙafarsa.

Na bar fayil a buɗe, na kamo shi a bakin get da ambulan a hannu, na tura shi mota. Mai shagon, wani mai tumbi da tabarau a goshi, yana hango mu ya dafe kai.

"Ka kawo shi ne ya ƙarasa goge mini gilashin kanta da numfashi?"

Na ja shi gefe na faɗa masa yadda ake ciki. Ya sauko da tabaransa, ya dubi Masinja, sannan ya buɗe kanta ya fito da na gwajin duka biyun, ya saka wa kowacce memori.

"Ku dawo mini da su kafin na rufe. Wanda ya yar da ɗaya kada ya dawo, ya wuce kawai."

Mun isa gidan wajen ƙarfe uku na rana. A waje rana kamar ta narka kwalta, a ɗakin baya kuwa sai da idona ya daɗe kafin na ga gadon. Warin man zafi, kwalaben magani a kan tebur, fanka tana juyi a hankali. Inna ta koma 'yar mitsitsiya a cikin bargo, ɗankwalin nan mai kyau ya yi mata yawa. Na shiga na durƙusa na gaishe ta.

"Wa ke nan? Mai bakin nan ne?"

"Ni ne, Inna."

"Har yanzu ba a kore ka daga aiki ba?"

"Suna ta shiri."

Masinja yana bakin ƙofa. Ya ɗaga Fara, ta miƙo ido da ɗan kukanta. Irin waɗannan kyamarori suna da wani ɗan koren akwati da ke fitowa a allo, shi ke nemo fuskar mutum ya saita ido a kanta. Na koma bayansa ina leƙe. Akwatin ya yi yawo, ya yi yawo, sai ya sauka a kan jaririn da ke jikin kalandar bango. Ya danna. Jariri ya fito tas, Inna ta fito kamar hayaƙi.

Ya canza, ya ɗauki Baƙa. Ɗakin ya haskaka a allonta har na ga zanen bargo, amma daga ƙofa Inna ba ta fi ɗan yatsa ba a tsakiyar kwalabe. Akwatin ya sake tafiya wurin jaririn.

Yayar ta fizge kalandar har da ƙusa.

Yanzu akwatin bai da inda zai je. Ya hau filo, ya sauka, ya tsaya a kan kwalba, ya ɓace, ya dawo. Ya wuce ta kan fuskarta sau uku bai tsaya ba. Ya koma Fara, haka. Ya koma Baƙa, haka. Gumi ya jiƙe masa baya.

"Ba sa ganin ta," ya ce. "Dukkansu biyun. Cewa suke babu mutum a ɗakin."

"Auta," Inna ta ce, "kana nan ko ka tafi?"

"Ina nan, Inna."

"To me ya hana?"

Ya juyo gare ni kamar ni ne na ƙera su. "A buɗe ɗan haske. Ko mu koma shago, akwai wata ta uku da aka ce—"

Na karɓe Fara daga hannunsa na saka a aljihuna. Shi ne ya koya mini cewa Baƙa tana da zobe a bakin idonta, in ka kashe akwatin sai ka murza da hannu har abin da kake so ya fito. Na tuna masa. Ya ce daga nan ba zai ga inda ya saita ba. Na ce na sani. Sannan na sa tafin hannu a tsakiyar bayansa na tura, irin turin da muke yi wa motar ofis.

Ya yi taku huɗun nan kamar mai tafiya a kan kwalba. Ya durƙusa a gefen gado. Ya ɗaga kyamarar ya rufe fuskarsa da ita, amma sai Inna ta lalubo, ta kama masa wuyan hannu ta sauke.

"Bari na gan ka tukuna. Ka rame. Matarka ba ta ba ka abinci ne?"

Kafaɗunsa suka fara rawa. Ta bar shi ya yi mai isarsa, tana riƙe da hannun, sannan ta ce, "Ya isa haka, kada ka jiƙa kayan mutane."

Ya goge ido da hannun riga. Ya kafa gwiwar hannu a kan katifa don rawar ta ragu, ya fara murza zoben. Idonta a rufe yake.

"Inna, sai kin buɗe ido. Kuma sai an ɗan ɗaga labule."

"Kamar yaya?"

"Kamar faɗin yatsa biyu."

"Zai yi zafi."

"To a bari."

"Wa ya ce a bari? Mai baki, ɗaga. Zan iya zuwa uku, kai ka ƙirga."

Na kama bakin labulen na ja kaɗan. Wani siririn haske ya faɗo a kan filo. Ta buɗe ido. Na ce ɗaya. Yatsunsa suna murzawa gaba, suna komawa baya. Na ce biyu, na ja shi iya yadda numfashina zai kai. Ruwa ya fara taruwa a idonta, ba ta ƙifta ba. Yayar ta toshe bakinta da mayafi. Ban ji ƙarar komai ba, don Baƙa ba ta da ƙara, sai na ga yatsansa ya sauka. Na ce uku, na saki labule.

Muka haɗa kai mu uku a kan ɗan allon. Idon da ke kusa ya fito tas, har da ruwan da ke cikinsa da layukan da ke gefensa, ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya idon ya ɗan yi laushi, kunnen ya narke cikin duhu. Bakinta a matse, irin matsewar da take yi in tana duba ko kwalar riga ta gogu. Ita ce.

"Ka ɗauka?"

"Na ɗauka, Inna."

"Na fito?"

"Kin fito."

"To ajiye abin nan ka ba ni ruwa."

Ya zare memorin ya saka a aljihu, ya miƙo mini kyamarar ba tare da ya waiwayo ba, ya karɓi cokali daga hannun yayarsa. Ni kaɗai na mayar wa mai shago kayansa. Masinja bai zo ofis washegari ba, bai zo jibi ba. A gefen gadon nan ya zauna har kwana biyar, yana ba ta ruwa, kuma yana wurin lokacin da ta daina karɓa.