Katin da Inna Ta Kai wa Baduku

A shekarata ta ƙarshe a kwaleji aka kawo mana na'urar nan ta tantance masu halartar taro. Ni kuwa lokacin ba yarinya ba ce. Ina da 'ya'ya uku, na daɗe ina koyarwa a firamare a Gulma kafin na ce bari in koma in ƙaro ilimi. Ina zaune gidan yayana a Gesse, Juma'a in hau mota in yi gida, Lahadi in dawo Birnin Kebbi.

Duk ranar Alhamis akwai taron ƙara wa juna sani na 'yan ajin ƙarshe. Da can takarda ake zagayawa da ita, kuma kowa ya san yadda ake yi. Mutum ya rubuta sunansa, ya canza biro ya rubuta na abokinsa, ya karkata hannu ya rubuta na wadda take can Argungu wurin biki. Ɗaki rabinsa kujeru ne zalla, amma takarda ta cika fal. Da hukuma ta gaji da mu, sai aka sake mana katin shaida mai wasu baƙaƙen layuka a baya, aka tsayar da wani malami a bakin ƙofa riƙe da abu kamar tocila. Ka miƙa kati, ya haska wa layukan jan haske, abin ya ce ƙit, ka shiga. Ƙarfe goma na cika, na'urar ta daina karɓa. Wanda ya rasa taro fiye da uku kuwa, ba shi ba jarrabawar ƙarshe sai baɗi.

Ni na riga na cinye ukuna. Biyu ƙyandar autana ta ci, ɗaya mota ce ta mutu mana a hanya. Saura taro ɗaya tak, kuma ko da rarrafe sai na je.

A ƙarshen makon nan na je gida, na fito da katin ina nuna wa Inna, mahaifiyata, don gefensa ya fara ɓarewa a jaka. Da shegen bakina na nuna mata layukan baya na ce, "Inna, kin ga zanen ga? Nan ran karatuna yake. In ya goge, tawa ta ƙare." Ta karɓa ta juya shi, ba ta kuma maido mini ba. Sai ranar Lahadi, ina shirin tafiya, ta miƙo shi. Ashe baduku ta kai wa. An ɗinke shi cikin jar fata mai laushi, an bar wa hotona taga, an sa masa igiyar ratayawa, bayan kuma an yi masa ado da baƙi da kore. Wallahi ya yi kyau. Na rungume ta, na rataya abina. Kwana huɗu ina yawo da shi a makaranta ina yanga, kaina bai kawo komai ba.

Ranar Alhamis, tara da rabi ina cikin layi. Malamin ƙofar siriri ne mai ɗaurarriyar fuska, ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa. Na miƙa masa katin da fara'ata. Ya juya bayan. Ya dube shi, ya dube ni.

"Malama, ina layukan?"

Nan take na gane. Na ce wa Inna nan ne ran abin, ita kuwa ba ta barin abu mai daraja a fili idon kowa na kansa. Ta sa an rufe shi ruf, yadda ake rufe laya.

Layi ya kwashe da dariya. Wata ƙawata daga baya ta ce, "Malam, haska layar mana, ƙila ta amsa." Ni kam dariya ba ta zo mini ba. Na ce ya rubuta sunana da hannu, ya ce babu takarda. Na ce ya shigar da lambata, ya ce ba a ba shi wannan ikon ba. Raina ya ɓaci.

"Haba Malam, ga ni tsaye da ƙafafuna, ga hotona. Aljana ce ni?"

"Ni na gan ki," in ji shi, yana ɗaga na'urar. "Ita ba ta gan ki ba."

Tsoro ya kama ni sosai. Shekara guda cur, in sake barin yara, in sake zaman gidan yaya. Na fizgi reza daga hannun wata mai feƙe fensir, zan tsarge fatar.

"Dakata," ya ce. Ya karɓi katin ya kai kusa da ido. "An ɗame shi ƙwarai. Kina sa reza, da layukan za ki yanka." Ya bi ɗinkin da ɗan yatsa a hankali. "Wanga hannun tsoho ne. Mu ma gidanmu dukawa ne."

Ya nemi fil, wata ta cire na hijabinta ta ba shi. Sai kawai ya miƙo mini na'urar.

"Riƙe. Ki danna nan, ki haska musu. Kada layi ya tsaya."

Ya zauna a kan dakali yana warware ɗinkin, ni kuma na zama mai ƙofa. Ƙit ɗin farko da na ji a hannuna, sai da na zabura. Kafin mutum goma na ƙware. 'Yan ajinmu suka samu abin yi. Wannan ya ce, "Ranki ya daɗe, a duba mu." Wancan ya rusuna har ƙasa. Ƙawata mai maganar laya ta zo, na ce ta koma ƙarshen layi, ba na karɓar katin marasa kunya. Muka yi ta dariya, har na manta da abin da ke kaina, sai in na saci kallon agogo. Goma saura biyar, Malam yana kan ɗinkin gefe na biyu. Na ce ya yanke kawai mana. Ko ɗago kai bai yi ba.

Layi ya ƙare, amma ba wanda ya zauna. Duk suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna leƙe. Goma saura minti biyu ya zaro katin sumul, ya riƙe mini shi a gabana. Na danna, shiru. Ya ce in ja baya kaɗan, in yi bismillah. Na sake dannawa.

Ƙit.

Wata ta rangaɗa guɗa, ɗaki ya ɗauki tafi. Ni kuwa ina dariya hawaye na zuba, ban ji kunyar kowa ba. Malam ya karɓi na'urarsa, ya tura fatar a aljihu, ya ce, "Shiga, Malama. Kin zo."

Ranar da muka fara jarrabawa na same shi a ƙofar ajin yana jirana. Ya karɓi katin, ya zura shi cikin jar fatar, ga taga ya fitar wa layukan a baya, an bi gefenta da ɗinki ƙanana.

"In kin je gida ki gaida Inna," ya ce. "Ki ce mata da zarenta na maida shi, ban tsinka ko ɗaya ba."

Na rataya, na shiga na zauna, aka raba takarda.