Fuskar da Umara Ya Gyara

Umara mai hoto ne a unguwar Lamisula, kuma kowa ya san halinsa: ba ya sallamar mutum da fuskar da ya zo da ita. Baƙi ya haskaka shi, mai ƙuraje ya share masa, ya dasa shi gaban wani benen Dubai. Ranar Sallah har layi samari suke yi. Hoton da ya gama gyarawa kaɗai yake turawa ta kebul zuwa baƙin akwatin ajiyar da ke ƙarƙashin tebur. Na asalin kuwa a kwamfuta yake barinsu, wai kada tarkace su cika masa akwati. Kaico, wannan tsumulmula!

Da gari ya rikice layi ya watse, janareta kuma ya ƙone kwamfutar ƙurmus. Bai ko damu ba, wa ke ta hoto?

Sai ga wata mata, Ya Zainaba, daga unguwar Abbaganaram. Ɗanta Hashim ya fita sayo gawayi bai dawo ba, gidansu kuma wuta ta cinye. Asibiti da sansanin gudun hijira, duk inda ta je cigiya, hoto ake tambayarta. Ta tuna an ɗauke shi hoto nan da Sallah.

Umara ya aro kwamfuta, ya jona ta da akwatin, ya sa komai ya dawo. Wuni guda tana zaune a benci. Fuskoki na fitowa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ya san wanda aka binne da wanda ya gudu.

Can sai ga Hashim, fari tas cikin kwat, kumatu sumul. Babu tsagar gado, babu tabon da ke girarsa.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yaron nan kyakkyawa ne. To Umara, wa zai gane ɗana da wannan?"

Kunya ta kama shi, kamar ya nutse. Ya birkice akwatin kaf, babu na asali. Ya gwada mayar da tsagar tana nuna masa da yatsa, abin ya fito kamar zanen alli, ta ce ya bari.

Haka ya wanke mata hoton. Ta ƙulle a gefen lafayar da ta yafa, ta fita nuna wa mutane fuskar da ba wanda ya taɓa gani.