Keken da Na Nutsar a Tankin Gidan Bulo

Akwai wata Lahadi a rayuwata da ko tsufa ya cinye mini tunani, ita kam ba za ta fita daga kaina ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na bi ta gaban gidan bulo sai in kau da kai. Na daɗe ina ba da labarin nan a majalisa ta yadda za a yi dariya. Yau so nake in faɗe shi yadda ya faru.

Ni mai walda ne a Tudun Wada. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar aka gama. Wani ɗan unguwarmu da ke zaune a Kudu ya samo mini hanyar aiki a wani kamfani mai gyaran ƙarafa a rijiyoyin man da ke tsakiyar teku. Can ba a zuwa da mota, jirgi mai saukar ungulu ke kai ma'aikata. Don haka ba sa ɗaukar kowa sai ya ci wani horo na yadda mutum zai kuɓuta idan jirgin ya faɗa ruwa ya kife.

Da na je, aka nuna mana wani babban akwatin ƙarfe mai kujeru da tagogi, rataye a saman wani tafki na siminti. A zaunar da ku, a ɗaure kowa da bel, inji ya saukar da akwatin cikin ruwa, sannan ya juya shi, ƙafafunku a sama. Malamin da ke horar da mu ya yi ta nanata mana ƙa'ida: hannu ɗaya a kan taga, ɗaya a kan maɓallin bel. Ruwa na kawowa haɓa ka ja numfashi. Kada ka kwance bel sai juyin ya tsaya cik, domin wanda ya yi gaggawa ruwa zai ɗauke shi ya rasa inda taga take. In ya tsaya, ka ture taga, ka kwance, ka ja jikinka waje.

A baki na haddace tsaf. Amma ruwa na shiga hancina na runtse ido, na fizge bel, na shiga harbe-harbe. Ban san sama ba, ban san ƙasa ba, sai dai na ji an finciko ni. Da aka ce a sake, na kasa shiga. Malamin ya ce in koma gida in huta, akwai dama ɗaya da ta rage mini a wata mai zuwa.

Na dawo Zariya na ce wa mutane takardu ake jira. Mutum ɗaya na buɗe wa ciki, shi ma rabi. Abokina ne tun na yarinta, direban keke mai ƙafa uku na haya, mai mata da 'ya'ya, wanda ba ya iya rufe baki minti guda ba tare da ya tsokani wani ba. Tun muna yara shi ke faɗawa rafin Kubanni, ni ina bakin gaɓa ina tsaron riguna. Na ce masa horon ba wani abu ba ne, sabo kawai nake so in ƙara. Ban ce masa na tsorata ba.

Ya ce, "To ai kai mai walda ne. Abin da ka gani ka ƙera mana, ka yi ta shiga har ka gaji."

Da wasa ya faɗa. Ni na mayar da shi gaske.

Yana da wani tsohon keke da aka cire wa inji, sai gangar jiki, yana yashe a bayan shagona. Na toshe gefunansa da falankin ƙarfe don ya yi kama da na can, na bar taga ɗaya da na rufe da katako. Na sayo bel ɗin mota a wurin masu gwangwan, masu sayar da tsofaffin ƙarafa, na ɗaura a kujerar baya. Na ari sarƙar ɗaga inji a garejin maƙwabcina, irin wadda ake ja da hannu tana ƙara, kacar-kacar. Ruwa kuwa, a bayan layinmu akwai gidan bulo na wani Inyamuri, mutumin kirki, mai ƙaton tanki da aka haƙa a ƙasa, zurfinsa ya fi tsayin mutum. Ban nemi izninsa ba. Na bari sai Lahadi da hantsi, lokacin da na san yana coci.

Muka tura keken zuwa can. Leburori kaɗan ne a wurin, suna wanki a bakin tanki. Na gitta wani ƙaton ƙarfe a kan ginshiƙan da ke gefe da gefen tankin, na rataya sarƙa, na ɗaura igiya a gindin keken yadda in an ja zai wuntsila. Wani dattijo cikin leburorin ya tsaya da sabulu a hannu yana kallonmu.

Ya ce, "Malam, wanke keken za ku yi?"

Abokina ya ce, "A'a Baba, jirgin sama ne. Ga matuƙin nan, daga teku ya dawo."

Suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma idona na kan ruwan. Ba irin na can ba ne mai haske har ƙasa. Wannan kore ne, ga gansakuka, ga ƙurar siminti, ko tafin hannunka ka tsoma ba za ka gan shi ba. Na cire riga, na sa ƙafa ɗaya cikin keken, na tsaya. Sai bakina ya ƙirƙiro dabara.

Na ce, "Ka san me? Ya kamata in ga yadda yake juyawa daga waje tukuna, ko akwai abin gyara. Kai da ka iya ruwa, fara shiga."

Ya dube ni yana murmushi. Ina jin ya gane, amma bai tona ni a gaban mutane ba. Ya cire hularsa ya kifa mini a ka.

"Riƙe mini, matuƙi. In na fito kai za ka sayi shayi, da ƙwai."

Na karanta masa ƙa'ida kamar ni ne malamin. Na fi jaddada masa cewa kada ya taɓa bel sai komai ya tsaya. Ya ce ya ji. Ya shiga ta taga, na ji ƙarar maɓalli, na mayar da katako. Muka tura keken ya yi lilo a saman ruwa, na fara sakin sarƙa. Daga ciki yana ta surutu, wai fasinja su shirya kuɗinsu, ba canji. Ruwa ya haɗiye tayoyi, ya hau jiki. Na ji ya ce, "Kai, da sanyi!" Daga nan ya yi shiru, na san ruwan ya kai haɓa. Na ce wa wani lebura ya ja igiya.

Keken ya wuntsila da ƙarfin da ban yi tsammani ba. Sarƙar ta murɗe, ta yi wata ƙara, gaba ɗaya abin ya sulale ƙasa. Tayar gaba kaɗai ta rage a sama tana juyawa a hankali.

Muka jira. Kumfa ta taso, ta lafa. Na ce a raina yanzu yana ƙirge, yanzu zai ture katako. Katakon bai taso ba. Wata kumfar ta sake tasowa, manya-manya wannan karon, sannan muka ji bugu daga ƙasa, dum, dum, irin na mai dukan ƙarfe da ƙafa.

Dattijon nan ya ce, "Malam, ɗago shi."

Na ja sarƙa. Ta ƙi. Na sake ja, ta zo kaɗan ta cije. Wanda ya san irin sarƙar nan ya san ko lafiyarta lau, sai ka yi ta ja kafin kaya ya ɗaga taƙi guda. A nan ne wani abu ya faɗo mini a rai. A Kudu, da na rikice, hannu ne ya finciko ni. Ashe akwai masu nutso a cikin ruwan, suna nan kusa da kowace kujera, aikinsu ke nan. Ni da idona ke runtse ban taɓa ganinsu ba. Na ƙera akwati, na ƙera taga, na sa bel, na kwaikwayi duk abin da ake gani daga sama. Abin da ke hana mutum mutuwa shi ne ban kawo ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa a majalisa ba. Na san a lokacin cewa sarƙar ba za ta ɗago shi ba. Na san abin da ya kamata shi ne in faɗa ruwan. Taku ɗaya ne tsakanina da bakin tanki. Amma na ci gaba da jan sarƙa ina salati da ƙarfi, domin muddin hannuna na kanta, ba wanda zai ce ba na yin komai. Bugun da ke ƙasa ya fara raguwa. Ina ji, ina ja.

Dattijon ne ya yar da sabulu ya faɗa da wandonsa. Ya nutse, ya taso yana tari.

"Tagar na jikin bango! Ku shigo, ku shigo duka!"

Sauran suka faɗa. Ashe da keken ya kife, gefen tagar ne ya jingina da bangon tanki, katakon ba shi da inda zai je. Mutanen nan da suka saba dakon bulo suka dafa bango da ƙafa, suka tura da kafaɗa, suna nutsewa suna tasowa suna haki. Keken ya matsa. Katakon ya taso. Dattijon ya sake nutsewa, ya daɗe, ya taso ba kowa a hannunsa.

"A ɗaure yake! Wuƙa!"

Wani ya ruga inda suke girki ya kawo wuƙar yankan albasa. Daga baya na gane cewa da mutum ya rataya kai ƙasa, nauyinsa ya ja bel, tsohon maɓallin nan mai tsatsa ya ƙi dannuwa. Lokacin da dattijon ya koma ƙasa da wuƙa a baki, babu sauran bugu. Ruwan ya yi lif. Na ji kukan wata akuya daga bayan katanga, na ji wani mai acaɓa na wucewa, duniya na ta harkarta. Ni kuwa abin da nake gani shi ne ƙofar gidan abokina, da ni tsaye ina sallama, matarsa na fitowa tana tambaya ina mai gidan.

Suka fito da shi kamar jiƙaƙƙen buhu. Leɓɓansa sun canja launi, idonsa a buɗe kaɗan, ba ya kallon kowa. Aka kwantar da shi a kan yashi. A nan kaɗai na yi amfani, don an koya mana a can yadda ake danna ƙirji da hura numfashi. Na durƙusa ina dannawa ina kiran sunansa, hawaye da majina sun haɗe mini. Ban san tsawon lokacin ba. Sai jikinsa ya zabura, koren ruwa ya bulbulo ta baki da hanci, ya ja wani numfashi mai ƙara kamar ana yaga tsumma.

Ya yi kwanaki a asibiti, ruwan ya taɓa masa huhu. Kunnensa na hagu kuma bai koma daidai ba har yau. In fasinja ya yi magana ta wannan gefen sai ya juyo da kai gaba ɗaya. Mai gidan bulon ya zo shagona da kansa. Bai yi zagi ba, ya dai tambaye ni ko da gawa aka ciro daga tankinsa, me zan ce wa hukuma, me kuma zai ce. Kudu kuwa ban koma ba.

Bayan an sallami abokina na je gaishe shi. Na same shi a zaure kan tabarma, ya rame. Na zauna, na kasa haɗa ido da shi. Shi ya fara magana.

"Matuƙi, ka san na bi ƙa'idarka? Wallahi ban taɓa bel ba sai da ya tsaya. Na tura taga, ta ƙi. Na danna maɓalli, ya ƙi. Ban tsorata ba fa da farko."

Na ce, "Ba ka tsorata ba?"

"Ina! Na ce ai mutumina na sama, ya san abin nan, yanzu zai shigo. Na miƙa hannu ta wajen taga ina jira." Ya yi ɗan tari. "Da na ji an kama ni, na ɗauka kai ne."

Da na yi shiru da ya ci gaba da ɗauka haka, don ba wanda ya gaya masa. Na ce, "Ba ni ba ne. Dattijon nan ne mai wanki. Ni ban shiga ba. Tsoro nake ji, tun a Kudu tsoro nake ji, shi ya sa na ce ka fara."

Na jira tsokana, irin wadda ya saba rufe kowace magana da ita. Ba ta zo ba.

Ya ce, "Da ka faɗa mini tun farko, da a Kubanni zan kai ka, inda ruwa ke iya gwiwa. Mu fara daga nan." Sannan ya ce, "Allah ya kiyaye gaba. Na yafe."

Muna gaisawa har yau, yana kawo mini gyara, ina zuwa sunan 'ya'yansa. Amma bai ƙara ce mini matuƙi ba, bai ƙara tsokanata ba, kuma na san dalili.

Abin da ranar nan ta koya mini ba shi da yawa. Tsoro ba abin kunya ba ne, kowa na da nasa. Ɓoye shi ne ya kusa sa ni kashe mutum, domin tsoron da ka ƙi faɗa ba ya ɓacewa, wani kake ɗora wa ba da saninsa ba. Tun daga lokacin, ko tsani zan ce wa mutum ya hau, sai na fara tambayar kaina: in abu ya ɓaci, zan bi shi? In amsar a'a ce, sai in ce masa kada ya hau.